Tayoyin da Dzarma Ya Bari

Saura kaɗan Raudatu ta fasa rubuta wannan labari. Sau biyu tana farawa tana yage takardar, domin mahaifinta yana ciki, tana kuma tsoron wani ya karanta ya ce yarinya ce ta fi ubanta sanin aikinsa. Ba haka aka yi ba. Duk abin da ta sani game da taya a bakinsa ta ji, a hannunsa ta gani.

Sunan mahaifin nata Ba'ana, mai faci ne a Mafoni. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da rumfa a gaba, da injin iska, da rabin durom na ruwa da ake neman huji a ciki. A da, kafin a hana hawan mashin a cikin Maiduguri, layi ake yi a ƙofarsa tun da hantsi. Da aka hana, sai ya koma facin Keke Napep kamar sauran abokan sana'arsa. Daga baya yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zama sai dai ya gane mutum da murya. Raudatu ta zama idonsa. Ita ke karanta lambar taya, ita ke miƙo faci da liba, ƙarfen ɓanɓare taya, ita ke nuna masa inda ruwa ke kumfa. Magana ce dai ba ta iya ba. Idan mai keke ya tambaye ta abu, sai ta sunkuyar da kai ta raɗa wa mahaifinta amsar, shi ya faɗa da ƙarfi. Saude, mai sayar da shinkafa da wake a maƙwabcin shagon, Malama Shiru take kiranta.

A bangon ciki akwai tayoyi biyu rataye a kan manyan ƙusoshi, ɗaya siririya ta gaba, ɗaya mai faɗi ta baya, faɗinta ya fi tafin hannun babban mutum. Ba na keke ba ne, ba kuma na ƙaramin mashin ba. Tayoyin babban mashin ne, irin mai gurnani da ake kwanciya a kan tankinsa. Mai su Dzarma ne, wani akawu mutumin wajen Biu da ke aiki a wani ofis a GRA, aminin Ba'ana tun suna samari. Shi ya taho da su daga Legas, sababbi fil, ya ce Ba'ana ya ajiye masa, ran Asabar zai kawo jan mashin ɗinsa a saka. Kafin Asabar ɗin ta zo aka yi shelar hana mashin. Dzarma ya kulle nasa a wani ɗaki a gidansa na Galtimari. Shekaru yana zuwa a keke, ya sha shayi a rumfar, ya leƙa tayoyin, ya ce a ci gaba da ajiyewa, wata rana za a ɗage doka. Shekara shida ke nan da rasuwarsa.

Ba'ana bai sauke su daga ransa ba. Kakansa baduku ne, a gidansu an san fata tana shan mai ta yi laushi, shi kuma ya ɗauka roba ma haka take. Saboda haka kowace Juma'a da safe Raudatu za ta kawo masa gwangwanin baƙin mai da tsumma, ta sauko da tayoyin, ya ɗora su a cinya ya shafe su lungu-lungu, wai don kada su bushe. Sai su yi ta sheƙi. Saude ta sa musu suna Tagwayen Ba'ana, takan tambaya ko an yi wa tagwaye wanka. Ranar da ambaliya ta shigo unguwar, katifa da buhun gero duk ya bar su, ya rataya taya ɗaya a wuya, ya sa Raudatu ta ɗauki ɗayar a ka, suka ratsa ruwa har ƙugu.

Abin da Ba'ana bai sani ba, Raudatu ta sani. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Shi ya koya mata. A jikin tagwayen an rubuta 4610. Ta kuma lura duk tayar keken da ta daɗe a inda mai ke ɗiga, robarta takan lalace ta fara tsagewa. Wata Juma'a, shekara uku da suka wuce, ta kai tayar baya bakin ƙofa wurin haske, ta ga tsaga sirara kamar gashi a cikin kowane zane. Ta mayar ta rataye, ba ta ce komai ba.

Ran wata Alhamis cikin watan Agusta, da hantsi, hadari yana haɗuwa ta gabas, keke ya tsaya a gaban rumfar. Wani ƙaton saurayi ya fito rungume da rim biyu na mashin, ƙarafan da ake saka taya a kansu. Ya yi sallama, ya durƙusa ya ce wushe, ya tambayi lafiya da Kanurinsa na kasuwa. Ba'ana ya amsa da kalewa, wato lafiya lau, sai ya karkata kai.

"Wannan murya ta gidan Dzarma ce. Pindar, matso in ji ka." Ya shafa kafaɗarsa, ya gangaro. "Kafaɗar ta ubanka ce. Tumbin kuwa kai ka nemo abinka."

"Baba, tumbin ma gado ne, ka dai rufa wa abokinka asiri."

Aka yi dariya, Saude ta leƙo ta ce a bar yaro ya ci abinci, ba a gidan kowa yake ci ba. Raudatu ta shimfiɗa tabarma ta koma bakin ƙofa.

Pindar ya ba da labarinsa. Bayan ruwan ambaliya ya janye ne suka buɗe ɗakin nan na Galtimari, suka tarar da jan mashin cikin taɓo har sirdi. Ya kasa sayar da shi ga masu gwangwan. Kusan shekara guda yana gyara, da shi da wani makanike, duk ranar da ya samu hutu daga aikinsa na haɗa sola. Makon jiya inji ya tashi a tsakar gida, har mahaifiyarsa Rebeka ta fito daga kicin ta zauna a dakali ta yi kuka. Yanzu zai loda shi a babbar mota zuwa Jos, inda abokansa masu manyan mashina za su haɗu. Daga can za su hau hanya zuwa kudu, akwai wani fili da aka shimfiɗa wa kwalta musamman don tsere, za a ba su yini guda su gwada kansu. Mama Rebeka ta ƙi da farko, don shi kaɗai ne ɗa namiji da ya rage mata. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗi ɗaya: tayoyin babansa zai saka, kuma Ba'ana ne zai saka su da hannunsa. Ta ce in dai Ba'ana ya ce taya ta yi, to ta yi.

Raudatu ta ga fuskar mahaifinta ta buɗe kamar an wanke ta. Ya gyara hula, ya ce shekara goma sha huɗu yana jiran wannan Asabar ɗin, ashe ran Alhamis za ta zo. Ya ce ta sauko da tagwaye, ta kaɗo ruwan sabulu, ta kawo liba dogaye guda uku.

Ta sauko da su. Pindar ya yi ta juya su yana yaba sheƙinsu, ya ce ko gashin roba na sabunta bai kakkaɓe ba, zane cike kamar jiya aka fito da su daga kamfani. Ita kuwa abin da take gani daban. Tana ganin kwanar dutse a hanyar Jos, ruwa ya jiƙa kwalta, mashin ya kwanta gefe, taya mai tauri kamar ƙwarya ta ƙi kama ƙasa. Tana ganin Mama Rebeka a dakali. Ba ta taɓa gyara wa mahaifinta magana ba ko su biyu ne, balle a gaban baƙo, balle a kan wannan.

Ba'ana ya kwantar da rim ɗin baya a kan kwali, ya fara shafa ruwan sabulu a bakin tayar. Ya miƙo hannu a ba shi liba.

Maimakon liba, sai ta ji kanta tana magana, muryar can ƙasa. Ta ce tunda Yaya Pindar tafiya mai nisa zai yi, ko Baba zai koya masa gwajin farce, kada wani ya cuce shi a hanya. Saude da ke kwashe kwanuka ta tsaya ta ce ikon Allah, yau Malama Shiru ta yi huɗuba.

Shawarar ta yi wa Ba'ana daɗi. Ya sa aka kawo sabuwar tayar keke da wata tsohuwa da aka yar a bayan rumfa. Ya ce taya rai gare ta, kuma ba a zane ake gane ranta ba. Ya dasa farcen babban yatsansa a sabuwar, ya ce Pindar ya duba: ta karɓi farcen, ta yi ɗan rami, sannan ta mayar a hankali. Ya dasa a tsohuwar, farcen ya zame. Ya ce wannan gawa ce, ko an yi mata kwalliya gawa ce, ranar da aka fi bukatarta ranar za ta saki mutum. Pindar ya gwada duka biyun, ya jinjina kai, ya yi godiya.

Raudatu ta jira Pindar ya kai hannu kan tayar babansa. Bai kai ba. Ko a ransa bai kawo ba. Ya goge yatsa a wando ya koma ya zauna. Ba'ana ya ce to madalla, a miƙo liba.

Ta ajiye libar a bayanta. Ta durƙusa kusa da shi, ta kama hannunsa na dama, abin da rabonta da yi tun tana 'yar ƙarama yana tsallakar da ita titi. Ta ɗora babban yatsan a kan tayar Dzarma.

"Saura wannan, Baba."

Ya janye hannun. "Wannan ba a sa mata farce. Kina so in yi wa amana tabo?"

"Lambarta arba'in da shida, goma ce, Baba. Kai ka koya mini karantawa."

Pindar ya dubi Raudatu, ya dubi tsohon. Ita dai idonta yana kan kwali.

Sai Ba'ana ya mayar da hannun da kansa. Ya danna a tsakiya. Ya matsa gefe ya danna. Ya juya tayar ya danna a wani wuri, da ƙarfi, har kan farcen ya yi fari. Ya ce a ba shi ta gaban, ita ma ya bi ta haka. Ya kai ta hanci ya shinshina, ba warin roba, sai na baƙin mai.

"Akwai tsaga?"

"Akwai. A cikin zanen. Sirara."

"Tun yaushe kika gani?"

"Shekara uku."

"Kika yi shiru."

"A bango suke, Baba. Ba su ɗauki kowa ba."

Ya tambaye ta man da yake shafawa fa, ya taimaka ko ya ɓata. Bai jira amsarta ba. Ya riga ya gane. Ya ɗaga tafin hannunsa yana kallo kamar yana iya ganinsa, ya goge a gwiwa. Sai ya juya wajen da Pindar yake, ya ce masa ba zai saka ba. Ya ce ajiya aka ba shi, ya ɗauka ya riƙe, ashe a hannunsa ta mutu. Ya ce ya je ya gaya wa Rebeka haka, kada ya rage komai.

Pindar ya ce haba Baba, ko a ɗakin sanyi aka ajiye taya, shekara goma sha huɗu ta gama da ita, ba laifin kowa ba ne. Sannan ya ciro waya ya ce ai ba a rasa ba, wani abokinsa Zion a Jos yana da tayoyin tsere na gaske, 'yan Beljiyam, wato na hannu, ya ce zai ba shi. Ya miƙa wa Raudatu wayar ta duba wa Baba. Ta duba, ta ce ba su da zane ko ɗaya, sumul suke, gefensu kuma ya yi shuɗi-shuɗi da 'yan dunƙule-dunƙulen roba.

"Sanƙo ke nan, irin kaina," in ji Ba'ana.

Pindar ya yi bayani cewa haka ake ƙera su tun asali. Robarsu laushi gare ta, in ta ɗauki zafi tana manne wa kwalta kamar ƙaro. Har wani bargo mai lantarki ake naɗa musu kafin a shiga fili, don in da sanyi ba sa kamawa. Ba'ana ya ce shi bai taɓa jin tayar da sai an lulluɓe ta kamar mai jego ba. Saude ta ce tagwayensa ma ai wanka ake musu duk Juma'a, sai ta ga ba a yi dariya ba, ta tattara kwanukanta ta koma.

Amma maganar ta taɓa inda sana'a take a jikin tsohon. Ya gyara zama, ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Kwana nawa za a yi a hanya? Pindar ya ce shida, zuwa da dawowa. A filin fa? Yini ɗaya. A hanyar akwai inda zai sa bargon nan a wuta? Babu. Ruwan sama fa, yanzu da ake tsakiyar damina? Pindar ya sosa ƙeya. Ba'ana ya ce zanen taya hanyar ruwa ce, tayar da ba ta da shi in ta hau ruwa sai ta yi iyo da mai ita. Kuma wannan shuɗin da yarinya ta gani, alama ce an gasa su an huce, an gasa an huce, wanda ya yi tsere da su ya riga ya shanye daɗinsu kafin ya sayar. Ya ce mutum ba ya zaɓen taya don yini ɗaya ya manta da kwana shida, balle shi da bai taɓa shiga filin ba, ba kofi zai ɗauko ba, koyo zai je.

Pindar ya ce akwai wata iri ta tsaka-tsaki, an yi ta don titi amma tana jure fili, tsakiyarta da ɗan tauri don doguwar tafiya, gefenta da laushi don kwana, tana kuma da zane. Sai dai daga Legas za a aiko, zai ɗauki kamar kwana goma, abokansa kuwa ran Litinin za su tashi.

"To su tashi," in ji Ba'ana. "Filin ƙafa gare shi?"

Pindar ya yi ta juya wayar a hannu. Raudatu ta ga abin ya yi masa ciwo, shekara guda yana lissafin wannan Litinin ɗin. Can ya ce akwai wata tafiyar bayan damina, zai bi wannan. Ba'ana ya ce to a gaya wa mai sayarwa ya ɗauki hoton lamba huɗun nan kafin ya aiko, ta bana ake so, ko ta bara in an rasa. Kuma Raudatu ce za ta karanta hoton, in ta ce a'a, to a'a ne. Ya faɗi haka ba tare da ya juyo wajenta ba.

Da zai tafi, Pindar ya ce rim ɗin nan biyu ba za su bar shagon ba sai da tayar da hannun Baba ya saka, haka Mama ta ce, haka kuma za a yi. Sannan ya roƙi a ba shi tsofaffin. Ya ce babansa har a ciwonsa na ƙarshe yana maganarsu, Mama za ta so ta gan su, zai rataye su a ɗakin da mashin ya zauna. Ba'ana ya ɗaga kai kawai. Raudatu ta goge musu ruwan sabulun, ta kai su cikin keke. Pindar ya ce mata, ƙasa-ƙasa, ƙanwata na gode. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ruwa ya sauko kafin keken ya sha kwana.

Har la'asar Ba'ana bai yi mata magana ba, ban da miƙo wannan, karanta wancan. Sau ɗaya ya shiga ciki neman faci, ta gan shi ya tsaya ya kai hannu bango, ya shafa ƙusoshin biyu. Inda tayoyin suka zauna ya bar zagaye biyu masu duhun mai a jikin siminti. Abincin da Saude ta aiko ya ci loma uku ya ture. Raudatu ba ta san ko fushi yake da ita ba, ko da kansa, ko da shekarun. Ba ta tambaya ba.

Washegari Juma'a ce. Ta riga shi zuwa shago. Ta ɗauki gwangwanin baƙin man ta kai wa kafintan bayan layi, wanda ke shafa wa katako don gara. Ta dawo ta ɗebo ruwa a roba, ta kaɗa omo, ta nemo tsohon burushi. Da mahaifinta ya iso ya zauna a bencinsa, hannunsa ya miƙe da kansa wajen da take ajiye masa tsumma duk Juma'a. Ta sa masa burushin a ciki. Sannan ta mirgino rim ɗin baya ta jingina shi tsakanin gwiwoyinsa, ta kama yatsansa ta kai lungun da taɓon ambaliya ya bushe ya ƙanƙame.

"Nan ne ya fi yawa, Baba," ta ce, ta matso masa da ruwan.